Kiwon Manjo

A shekarar da gwamnati ta ce kowa ya tsuke bakin aljihunsa, ba tare da ta tambaya ko akwai wani abu a cikin aljihun ba, Malam Attahiru yana akawu a wani ƙaramin ofishi a Bodinga mai kula da rijiyoyin fadama. Rijiyoyin sun daɗe da daina buƙatar kulawa, domin injinan jan ruwan sun mutu, kayan gyaransu kuma suna can ƙasar da aka ƙero su. Abin da ya rage na aiki shi ne zuwa da safe, da gaisawa, da sauraron raɗe-raɗin cewa za a rage ma'aikata. Attahiru ba ya buƙatar a fassara masa. In za a rage mutum a ofishin da ba a aiki, akawun da ba shi da kowa a Sakkwato za a fara dubawa.

Shugaban ofishin, Alhaji Sodangi, mutumin Shagari ne, kuma shi ake tambaya wa za a bari wa za a sallama. Baturen da ya haƙa rijiyoyin, da zai koma garinsu, ya bar wa Alhaji abu biyu: wani jan kare mai tsayayyun kunnuwa da ake kira Manjo, da wata kyanwa mai sunan da ba wanda ya iya faɗa, saboda haka aka ci gaba da ce mata mussa kamar kowace kyanwa a ƙasar Sakkwato. Ba son dabbobin Alhaji yake yi ba. Shaida ce kawai cewa ya taɓa yin aboki Bature. In baƙi sun zo yakan nuna Manjo da baki ya ce, “Wanga kare ba ya jin Hausa.”

Da aka tura Alhaji kwas Kaduna na 'yan watanni, Hajiyarsa ta ce ita ba za a bar ta da kare ba. Sai ya kira Attahiru ofishinsa ya tura ƙofa.

“Attahiru, amana za ni ba ka.”

Zuciyar Attahiru ta tafi ga makullin sito. “Allah shi ba ka nasara.”

“Manjo da mussa. Ka yi min kiwonsu har in dawo. Ga buhun dawa nan na sa a kai ma. Kai dai ka san halin da ake ciki.”

Ya sani.

Baturen ya bar har da kwanon da Manjo ke cin abinci, wani ɗan farin kwano mai shuɗin baki. Amma Hajiya ta ga bai dace abu mai kyau haka ya ƙare a bakin kare ba. Ta wanke shi sau bakwai, na farko da ƙasa, ta sa shi cikin jerenta. Don haka Manjo ya iso gidan Attahiru da sarƙa kawai, mussa kuma a cikin kwando.

Kaltume, matar Attahiru, 'yar manoman Mandera ce. Ta tsaya bakin ɗakin girki da muciya a hannu tana kallon abin da mijinta ya jawo.

“Malam, mutane na kawo ma iyalinsu rago, kai kare ka samo muna?”

“Ba kare ba ne, Kaltume. Aikina ne.”

“To, aikin naka shina lasar turmi.”

Aka ɗaure Manjo a bayan gida, gindin dalbejiya, nesa da inda ake salla. Washegari ranar kasuwa ce, Attahiru ya nemi malamin dabbobi, wani saurayi ɗan Yawuri mai suna Zubairu wanda kowa ke kira Likita. Ya same shi a kara, wurin cinikin shanu, yana fama da wani bijimi da ya ƙi allura.

“Likita, karen Baturen nan, mi a ka ba shi, kuma nawa?”

Zubairu ya san Manjo tun a gidan Bature, ya kuma san ɗan farin kwanonsa. Bai ko juyo ba ya ce, “Kwano ɗaya a rana, rabi da safe rabi da yamma. Kyanwar kuwa nama ko kifi, kaɗan kaɗan. Kai, riƙe ƙahon nan da kyau!”

Maganar ƙarshen ba da Attahiru yake ba, don haka ya yi godiya ya tafi.

A Bodinga in aka ce kwano ɗaya ana maganar abinci, ba wanda zai tambaya wane kwano. Kwanon awo ne, wanda ake auna hatsi da shi a kasuwa, wanda ke ciyar da gida guda har a yi ɗumame. Kuma ba a taɓa jin an auna shi a shafe ba. Ana cika shi ne har ya yi tozo, sannan a ƙara gyara da tafin hannu, don kada a ce mai awo ba shi da albarka. Kaltume ba ta son karen, amma ba a haife ta a gidan da ake tauye awo ba. Kullum sai ta auna dawa kwano guda da tozonsa da gyararsa, ta surfa, ta kai niƙa, ta tuƙa wa Manjo tuwo.

Saura maganar miya. Attahiru ya ce Likita bai ambaci miya ba. Kaltume ta dube shi kamar ya yi saɓo.

“Gaya za ni ba shi? A gidana? Ko kare na, baƙo na. A ji ga gari an ce Kaltume ta ba baƙo gaya?”

Nama a lokacin ya zama abin da ake gaisawa da shi daga nesa. Abin da bai yanke ba shi ne albasa, domin babanta na aiko da ita daga fadama, wadda ta fara tsiro da wadda masu saye suka raina. Inda nama ya kamata ya shiga tukunya, albasa ke shiga, ta kuma shiga inda kifi ya kamata. Manjo ya samu rabonsa ludayi biyu, wani lokaci uku in Kaltume ta tashi da farin ciki. Attahiru kuma, don kada a ce bai kyauta ba, in ya taso ofis yakan biya wurin maƙwabcinsa Na'Allah mai tsire ya karɓo ɓarɓashin da ya zube a faranti, wanda in an faɗi gaskiya yawancinsa yankakkiyar albasa ce da ƙuli.

“Uban Manjo!” in ji Na'Allah, da ƙarfi yadda duk majalisar za ta ji. “Ya yaron? Ya fara hwaɗin baba?”

“Kai dai zuba, Na'Allah.”

“Ni hwa in da rabo, in an tashi rage mutane ga gari, a maishe ni kare gidanka. Ba ni cizo, ba ni haushi.”

Manjo bai taɓa ganin arziki irin wannan ba, kuma ya yi iya ƙoƙarinsa. Abin da ya gagare shi kajin unguwa suka taya shi, har matan maƙwabta suka fara yi wa Kaltume kirki na musamman. Buhun Alhaji ya ƙare, aka shiga rumbun gida. Attahiru ya ga hatsin yaransa na tafiya, amma ya ga wuyan Manjo na cika, ƙugunsa ya ɓace, bayansa ya yi faɗi kamar na ragon da aka turke don layya. Wannan shi ne kiwo kamar yadda duk wanda ya sani ya san shi: a ba ka dabba, ka mayar da ita ta fi yadda ta zo. In ya tsaya yana kallon karen, kujerarsa ta ofis yake gani tana ƙara kafuwa.

Mussa kuwa ba ta ba kowa wahala ba, domin ba ta karɓi tayin kowa ba. An ajiye mata tuwo, ta sansana, ta dubi Kaltume, ta wuce. An ba ta nono, ta sha sau ɗaya cikinta ya ɓaci, ba ta sake ba. Daga nan ta koma ƙarƙashin rumbu ta buɗe harkarta da ɓeraye. Ba wanda ya auna mata komai. Gashinta ya yi sheƙi.

Ana haka Manjo ya fara sanyi. Da farko Attahiru ya ɗauka nutsuwa ce irin ta wanda ya ƙoshi. Sai karen ya daina tashi in an zo, ya daina haushin awaki, in ya yi taku kaɗan sai haki. Fitsarinsa ya koma ja kamar an jiƙa zoɓo. Ranar da aka ajiye masa tuwo ya kau da kai, Attahiru ya hau keke bai ko ɗaura agogo ba.

Zubairu ya zo da jakarsa, ya tsuguna, ya ɗaga leɓen karen. Dasashin fari fat.

“Me yake ci?”

“Abin da kac ce, Likita. Kwano ɗaya.”

“Ina kwanon?”

Kaltume ta miƙo shi daga bayan ƙyaure. Zubairu ya karɓa, ya juya shi, ya dubi Manjo, ya sake duban kwanon.

“Wannan ai na jaki ne, Malam Attahiru. Ni ɗan farin kwanonsa nake nufi.”

“Wancan shina Shagari cikin jeren Hajiya.”

Zubairu ya ajiye kwanon. Ya jawo kaskon da tuwon ke ciki ya tona miyar da tsinke.

“Ƙibar ma da sauƙi. Wannan ce ke kashe shi. Albasa.”

“Albasa?” Muryar Kaltume ta fito daga bayan ƙyaure ba tare da an gayyace ta ba. “Albasar Mandera? Ita muka ci tun muna yara, ga mu.”

“Ku mutane ne, Inna. Kare da kyanwa albasa cinye musu jini take, ɗanya ko dafaffiya. Kaɗan kaɗan take yi, sai an wayi gari babu jinin.”

A ƙasar da albasa ke aurar da 'ya'ya ta kai mutane Makka, wannan magana ba ta da daɗin ji. Kaltume ta ce ita dai ba ta taɓa jin albasa ta kashe kowa ba sai dai faɗuwar kasuwarta. Zubairu bai ja da ita ba. Ya yi wa karen allura, ya nemi gwangwanin madara wanda ba komai ciki, abin da ya fi sauƙin samu a gidan fiye da mai madarar.

“Daga yau wannan ne ma'auni. Tuwo gwangwani biyu, nama ko kayan ciki dafaffe gwangwani ɗaya, da safe. Haka da yamma. A shafe, ba tozo, ba gyara. Ba miya, ba yaji, ba albasa, ba ƙashin kaza. Hanta in an samu, don jinin ya dawo. Ruwa mai kyau kullum. In ya warke a riƙa sakinsa yana gudu.”

“Kuma ya za ni gane ya isa?” in ji Attahiru.

“Ka shafa gefensa. In ka ji haƙarƙari a hannunka amma ba ka gan shi da ido ba, daidai ke nan. In ka duba daga sama ka ga ƙugu.”

“Ƙugu,” in ji Attahiru a hankali. “Wato shi rame.”

“Ya koma yadda Allah ya yi shi.”

Bayan Likita ya tafi, Attahiru ya zauna a kan turmi yana duban matsalarsa, wadda ke kwance gindin dalbejiya tana haki. In ya bi gwangwani, Manjo zai rayu, amma zai koma wa Alhaji da ƙugu, kuma Alhaji, kamar kowane ɗan ƙasar, da ido yake auna amana. Zai ce an ba akawu buhun dawa ya ci da iyalinsa ya bar kare da yunwa. In kuma ya ci gaba da kwano, zai mayar da amana mai ƙiba, in ta kai lokacin. Bai ga yadda za a yi mutum ya je gaban shugabansa da sarƙa kawai ya ce amma fa kafin ya mutu ya yi kyau ba.

Ya bi gwangwani. Ba don tausayi kaɗai ba. Mataccen kare ba ya riƙe wa kowa kujera.

Na'Allah ya yarda ya riƙa ajiye masa huhu da tumbi da guntun hanta, bisa sharaɗin zai ci gaba da tsokanarsa kyauta. Kaltume ce ta fi shan wuya. Kullum in ta shafe bakin gwangwani da yatsa sai ta kau da kai, kamar mai zare wa maraya loma. Sau biyu Attahiru ya kama ta tana ƙara ɗan gutsure.

“Gyara ta hwa, Malam. Ko arne a ka yi ma gyara.”

“Likita ya hana.”

“Likita na da mata?”

“Babu.”

“Na gani.”

Sannu a hankali dasashin Manjo ya dawo ja. Ya fara tashi, ya fara haushi, wata rana ya tsinke ya kori akuyar liman har bakin masallaci, abin da ya jawo wa Attahiru nasiha bayan sallar la'asar. Kajin unguwa suka rame, gaisuwar matan maƙwabta ta koma yadda take da. Ƙugu ya fito. Duk wanda ya san kare zai ce ga lafiyayyen kare. Matsalar ita ce a Bodinga ba a san kare ta wannan fuskar ba, rago aka sani.

Da labari ya zo cewa Alhaji ya dawo, yana gida Shagari, ya ce a kai masa kayansa ranar Asabar, Na'Allah ya ba da shawara irin ta masu sayar da dabba.

“Ka dama mai dusa da kanwa, ka ɗura mai ruwa da safe. Kahin ku kai Shagari cikin ya yi tulu. Haka a ka yi ma rago.”

Attahiru ya yi tunanin abin sosai, har ya sayi kanwar. Amma da ya tuna yadda motar hanyar Shagari ke girgiza, da kuma cewa shi ne zai zauna kusa da karen, sai ya ba Kaltume kanwar ta sa a wake.

Direban bas ya ce ko gawarsa ba za ta ɗauki kare ba. A bayan wata a-kori-kura suka samu wuri, bisa buhunan albasa, Manjo a gefe ɗaya, mussa a kwando a cinyar Attahiru. Duk hanya Attahiru na riƙe da bakin karen kada ya sansana kaya.

Alhaji Sodangi yana zaune a ƙofar gida kan kujerar masu hutawa, da mutane biyu uku da suka zo yi masa barka da dawowa. Kwas ya karɓe shi. Shi kam an yi kiwonsa yadda ya kamata. Attahiru ya tuɓe takalmi ya durƙusa.

“Ranka shi daɗe, an dawo lahiya? Ya Kaduna? Ya gajiyar hanya?”

“Lahiya lau. Ina kayana?”

Aka buɗe kwando. Mussa ta fito, ta miƙe, ta yi hamma, gashinta na ɗaukar ido. Alhaji ya yi murmushi.

“Madalla. Wagga ta ci ta ƙoshi. Mi ka ba ta?”

“Nama, ranka shi daɗe. Sabo, kullum.”

Ba ƙarya ya yi ba.

Sannan Alhaji ya juya ga Manjo, wanda ke tsaye kunnuwa sama yana kaɗa wutsiya. Murmushin ya tafi. Ya miƙa sandarsa ya taɓa bayan karen, ya gangara da ita gefen ciki, daidai yadda ake taya rago.

“Attahiru.”

“Allah shi ba ka nasara.”

“Ina buhun dawa?”

“Ya ci shi, ranka shi daɗe. Har ya shiga nawa. Sai ya kwanta ciwo, Likita ya ce ƙiba ta da albasa, ya ce a riƙa auna mai da gwangwani...”

“Gwangwani.” Alhaji ya dubi baƙinsa. “Kun ji. Karen Bature, da gwangwani.”

Baƙin suka girgiza kai cikin ladabi. Ɗaya ya ce yaran asibitin dabbobi na yanzu sai a hankali. Attahiru ya gyara durƙuso. Ya fara tunanin gonar surukinsa a Mandera, da ko har yanzu ya iya riƙon kalme.

Alhaji ya jefa goro a baki. Daga cikin gida aka ji muryar Hajiya tana tambaya, ba a hankali ba, ko da gaske ne an dawo da abin nan. Alhaji ya yi kamar bai ji ba, amma ya ji.

“Ba za a ce ba ka iya kiwo ba,” ya ce daga bisani, “ga mussa shaida. Karen ne ka raina. Ni kuwa ba ni karɓar amanata haka, mutane su gani su ce Sodangi ya kasa ciyar da kare guda. Mussa ta zauna. Shi ka koma da shi. Dawa za a riƙa kai ma. Kada ka maido min shi sai ya cika ya yi kyau.”

“To, ranka shi daɗe. Sai dai... maganar da a ka yi ga ofis, ta rage mutane...”

“Wa za shi taɓa ka kana riƙe da kayana? In an sallame ka wa za ni ba shi? Ka gama wanga aiki tukuna, sannan mu ga abin da ya dace.”

Attahiru ya yi godiya har goshinsa ya kusa taɓa ƙasa. Sai da suka yi nisa a kan hanyar komawa, iska na kaɗa kunnuwan Manjo, maganar ta gama zauna masa. Sai ya cika, in ji Alhaji. Ya dubi ƙugun karen, siriri, tsaf, irin wanda ba zai taɓa gamsar da Alhaji ba. Ya sa hannu ya shafa gefensa. Haƙarƙarin na nan, ana ji, ba a gani.

Da suka sauka Bodinga bai wuce gida ba. Ya ja sarƙa har ofishin dabbobi, ya samu Zubairu yana wanke allurai.

“Likita, tambaya gare ni. Kare irin wanga, in an bi gwangwanin nan ba ƙari, ba shi yin ƙiba?”

“Ba zai yi ba.”

“Ko kaɗan?”

“In dai ba a yi masa gyara ba.”

“Kuma shina daɗewa?”

Zubairu ya dubi haƙoran Manjo. “Yaro ne. In an kiyaye cikinsa, aka yi masa allurarsa a kan lokaci, zai ga shekaru masu yawa. Me ya sa?”

“Ba komai,” in ji Attahiru. “Fansho nika tunani. Yaushe za ni kawo shi allurar?”